Amsa: Binciken wa zan karanta kan shaye-shaye da ƙwaƙwalwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi binciken wa za ka karanta kan yadda ƙwaya ke kama ƙwaƙwalwa, ka kuma tambayi mene ne bayosensa. Fara da Nora Volkow, shugabar NIDA, cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, tun 2003. Da hoton ƙwaƙwalwa ta nuna cewa masu shan hodar ibilis, mashigar dofamin (sinadarin da ke sa jin daɗi) a ƙwaƙwalwarsu tana raguwa, shi ya sa komai ba ya yi musu daɗi sai ƙwaya. Wannan ya tsaya min a rai, domin yaranmu da ake kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna saboda tiramol magani suke buƙata, ba gidan mari ba.

Batun bayosensa kuwa, wato na'urar da ke gano wani sinadari a jiki ta auna shi, dubi na'urar gwajin suga: ka ɗiga jini, ta ba ka lamba. Leland Clark, masanin kimiyya ɗan Amurka, ya aza harsashinta a 1962.