Amsar Kawu kan sallamar tafiya Aislan

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ka je Aislan, ƙasar tsibirin nan ta can arewacin Turai, kana tambaya ko dole ne sai ka bi gida-gida ka yi wa manya sallama tunda kowa na da waya. Na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya ɗan tashi, don tsibirin da ka nufa ba wurin da ake zuwa a ɓoye ba ne.

Lokacin da muke tasowa, ko fataucin kwana uku mutum zai yi, sai ya faɗi hanyar da zai bi, zangon da zai kwana, da ranar da za a sa ran ganinsa. Kakanka yakan ce baƙo ko da ido makaho ne. Yaran yanzu sai dai a ga hotonku a filin jirgi. Su kuwa mutanen Aislan har yau suna riƙe da ɗabi'ar nan ta faɗin hanya: masu aikin cetonsu 'yan sa-kai ne, kuma suna da shafin SafeTravel inda matafiyi ke rubuta hanyarsa da lokacin dawowarsa, don a san inda za a fara nema. Lambar gaggawa 112 ce.

Muna samari aka yi abin da ya sa sunan ƙasar ya zauna mana a kai. Daren 23 ga Janairun 1973, wajen ƙarfe biyu, ƙasa ta tsage a gefen gari a ƙaramin tsibirin Heimaye, wuta ta yi ta feshi sama mutane na barci. Allah cikin ikonsa, guguwar da aka yi jiyansa ta hana masunta fita, jiragen kamun kifi duk suna ɗaure a tasha. Cikin daren nan aka kwashe mutum kusan 5,000, da jarirai da tsofaffi, aka tsallaka da su babban tsibiri. Aman wutar ya kai farkon Yuli, ya ci gidaje kusan 400. Da narkakken dutse ya doshi bakin tashar jiragen, wadda ita ce abincin garin, sai suka kafa famfuna suka yi ta kwarara masa ruwan teku makonni har ya daskare. Kada ka ɗauka tsohon labari ne. A Nuwamban 2023 an kwashe mutanen garin Girindabik saboda barazanar aman wuta, kusa da filin jirgin Keflabik inda za ka sauka. In ka ga an tare hanya, ka juya.

Bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, za ka nema, da inshorar lafiya mai iya biyan magani har na Yuro 30,000, fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro can. Daga Keflabik zuwa Rekyabik, babban birnin, kusan kilomita 50 ne, tafiyar minti 45 a bas. Da kati ake biyan kusan komai, ka tabbata ka san lambar sirrinsa saboda gidajen mai da ba su da ma'aikaci.

Iska ce ke kayar da baƙo a can, ta fi sanyin illa. Sutura hawa uku: ta ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, wadda ruwa ba ya ratsawa a waje. Ka bar auduga, don in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta janye maka ɗumin jiki. In ka yi hayar mota, riƙe ƙofa da hannu biyu kafin ka buɗe, iska na karya ta, kuma inshora galibi ba ta biya. Fitila a kunne dare da rana. Gudu bai wuce kilomita 90 a awa a kwalta, 80 a tsakuwa. Hanyoyin da lambarsu ta fara da F na tsaunuka ne, sai da rani ake buɗe su, sai kuma mota mai jan ƙafa huɗu. A bakin tekun nan mai baƙin yashi kusa da garin Bik, kada ka juya wa ruwa baya. Igiya takan zo ba zato, ta sha jan mutane.

Gidan mutum, cire takalmi a ƙofa. Wurin ninkaya kuwa sai an yi wanka da sabulu ba sutura kafin a shiga, maza daban mata daban, don haka ka tambayi inda keɓaɓɓen ɗaki yake. Ruwan zafi na warin farar wuta don daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, na sanyin shi ake sha. Tsiran alade da suke sayarwa a titi, ko an ce maka na rago ne, akwai alade a ciki. Ka tsaya ga kifi.

Sai sallah, wadda ba ka ma tambaya ba. A watan Yuni rana na faɗuwa wajen sha biyun dare ta fito wajen uku, a Disamba kuma hasken yini kusan awa huɗu ne. Ka zauna da malam tun kafin ka sayi tikiti. Gidan Goggonka kuma yana kan hanyar gidan malam ɗin, ka biya da takardar da ka rubuta zangonka a ciki.