Tambayoyi da Amsoshi: Girka Rediyon CB a Mota da Yadda Ake Amfani da Shi

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, kuma akwai wuraren da sabis ɗin waya yake ɗaukewa gaba ɗaya a hanyar da muke bi. An ba ni shawarar in sa rediyon CB a mota. Mene ne shi, kuma da me ya bambanta da wayar salula?

Amsa: Rediyon CB na'urar magana ce irin ta oba-oba, wadda aka ware wa talakawa zango na musamman domin su riƙa magana da juna kai tsaye. Wayar salula sai ta bi ta turken kamfani kafin muryarka ta isa ga wanda ka kira, shi ya sa idan babu turke a kusa sai ta zama ba ta da amfani. Shi kuwa rediyon CB daga eriyar motarka yake aika murya zuwa eriyar motar abokin tafiyarka, babu layi, babu kati, babu kamfani a tsakani. Hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, ita ce ta buɗe wannan zango na megahaz 27 (megahaz ma'aunin mitar igiyar rediyo ne) a shekarar 1958 da tashoshi 23, sannan aka ƙara su zuwa 40 a 1977, bayan da direbobin manyan motoci suka rungume shi sosai a lokacin ƙarancin man fetur na 1973. Tashoshin suna tsakanin megahaz 26.965 da 27.405. Amurka ta daina neman lasisi daga masu amfani da shi a 1983, Ingila kuma ta halatta shi a 1981. Tun da kowace ƙasa da dokarta, wajibi ne ka tuntuɓi hukumar sadarwa ta ƙasar da kake tuƙi a cikinta kafin ka saya. Ka kuma sani cewa nisan da yake kaiwa tsakanin mota da mota kilomita kaɗan ne, yana ƙaruwa a fili, yana raguwa a tsakanin duwatsu da dogayen gine-gine.

Tambaya: Na sayi rediyo mai kyau na kamfanin Cobra, na ɗaura ƙaramar eriya a bayan mota, amma da zarar abokan tafiyata sun ɗan yi nisa ba sa jin muryata. Wani ya ce in haɗa na'urar ƙara ƙarfi. Yaya kake gani?

Amsa: Ban ba ka shawarar haka ba, domin matsalarka kusan tabbas tana wajen eriya, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so masu karatu su tsaya su fahimta. A dokar Amurka, wadda yawancin masu ƙera waɗannan na'urori suke bi, ƙarfin rediyon CB bai wuce wat 4 ba a tsarin AM, ko wat 12 a tsarin SSB (waɗannan hanyoyi biyu ne na aika murya ta rediyo), kuma haɗa masa na'urar ƙara ƙarfi laifi ne. Ma'anar wannan ita ce, Cobra da Uniden da Midland da President duk kusan ƙarfi ɗaya suke fitarwa, saboda haka abin da yake bambanta motar da ake ji daga nesa da wadda ba a ji shi ne eriya da yadda aka ɗaura ta.

Tsawon igiyar saƙon rediyon CB kusan mita 11 ne, kuma eriyar da ta fi dacewa da shi ita ce mai rubu'in wannan tsawo, wato sandar ƙarfe mai inci 102, sama da mita biyu da rabi. Gajerun eriyoyi suna cike gurbin tsawon ne da naɗaɗɗiyar waya a jikinsu, kuma duk yadda aka gajarta eriya, haka ƙarfin aikinta yake raguwa. Saboda haka ka zaɓi mafi tsawo da motarka za ta iya ɗauka ba tare da ta riƙa bugun gada ko rassan itatuwa ba.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne cewa sandar da kake gani rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin kuwa ƙarfen jikin motar ne. Shi ya sa tsakiyar rufin mota ya fi ko'ina kyau, domin ƙarfe ya kewaye eriyar ta kowane ɓangare. Idan ka ɗaura ta ƙasa a bayan mota, jikin motar zai tare ta, kuma muryarka za ta fi tafiya ta gefe guda. Idan da noti za ka ɗaure ta, ka kankare fenti da tsatsa a inda maɗaurin zai taɓa ƙarfe, sannan ka shafa abin da zai hana wurin yin tsatsa daga baya. Mai gindin maganaɗisu ta fi sauƙin sawa da cirewa, amma sai a kan rufin ƙarfe mai faɗi take aiki yadda ya kamata. Motar da jikinta ba ƙarfe ba ne tana buƙatar eriya ta musamman wadda aka ƙera don irin wannan jiki.

Bayan ka ɗaura, kada ka fara magana sai ka auna da ma'aunin SWR, wanda yake nuna yawan ƙarfin da eriya ta kasa fitarwa ya komo cikin rediyo. Ka kai motar fili, nesa da gini da wayoyin lantarki, ka rufe ƙofofi, ka haɗa ma'aunin tsakanin rediyo da wayar eriya, sannan ka auna a tasha ta 1 da tasha ta 40. Idan adadin tasha ta 40 ya fi yawa, eriyar ta yi tsawo, sai ka rage ta. Idan na tasha ta 1 ne ya fi yawa, ta yi gajarta, sai ka ƙara mata. Ana yin gyaran ne kaɗan-kaɗan, milimita uku zuwa biyar a kowane karo, ana sake aunawa. Adadin da bai kai 1.5 ba ya yi kyau ƙwarai, wanda bai kai 2 ba za a iya aiki da shi, amma idan ya kai 3 ka dakata, domin ƙarfin da yake komowa yana iya ƙona sashen da yake aika murya. Adadi mai yawa a dukkan tashoshi yakan nuna cewa maɗaurin bai taɓa ƙarfe sosai ba, ko kuma wayar ta lalace. Wayar da ake amfani da ita mai om 50 ce, irin su RG-58 ko RG-8X, kuma bai kamata ƙofa ta matse ta ba, ragowarta ma a ajiye ta a sake, kada a naɗe ta tamau.

Tambaya: Rediyona yana aiki lafiya idan mota tana kashe, amma da na tayar da inji sai ƙara ta cika shi. Na jona shi ne a ramin kunna sigari. Ina mafita?

Amsa: Ka fara gano ta inda ƙarar take shigowa. Ka cire wayar eriya daga bayan rediyo alhali inji yana aiki, ba tare da ka danna maɓallin magana ba. Idan ƙarar ta ci gaba, ta wayar wuta take shigowa, kuma yawanci wani siririn kuka ne da yake tashi idan ka taka totur, wanda yake fitowa daga na'urar cajin batir. Maganinta shi ne ka ja jar waya kai tsaye daga batir, ka sa fis daidai da wanda kamfanin ya ƙayyade a kusa da batirin, ka ɗaure baƙar waya a tsabtataccen ƙarfen jikin mota, in ya so ka ƙara matatar ƙara a kan wayar idan da saura. Idan kuwa ƙarar ta ɗauke da ka cire eriya, to ta iska take shigowa, sau da yawa daga fulogogi, sai ka kunna maɓallin rage ƙara na jikin rediyo, wanda aka rubuta wa NB ko ANL, ka kuma nesanta wayar eriya daga wayoyin inji. Masu manyan motoci su lura sosai: yawancin waɗannan rediyoyi na volt 12 ne, kuma jona su a mota mai volt 24 ba tare da na'urar rage wuta ba zai ƙona su nan take. Wurin ajiye rediyon kansa ya zama inda hannunka zai kai ba tare da ka ɗauke ido daga hanya ba, kuma kada ya kasance a gaban jakar iskar da take buɗewa lokacin haɗari.

Tambaya: Wace tasha zan riƙa amfani da ita, kuma me ya sa wani lokaci nake jin mutane suna magana da harsunan da ban sani ba?

Amsa: A Amurka an keɓe tasha ta 9 domin neman agaji, tasha ta 19 kuma ita ce wadda direbobi suka saba haɗuwa a kanta don labarin hanya. Ku da kuke tafiya a ayari, ku zaɓi wata tasha da babu kowa ku tsaya a kanta. Mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, saboda haka ka saurara kafin ka danna, ka taƙaita, ka saki maɓallin, kuma ka tuna cewa duk mai rediyo a kusa yana jin ka, don haka kada ka faɗi irin kayan da ka ɗauko ko inda za ka kwana. Muryoyin nesa kuwa suna zuwa ne idan wani sashe na sararin samaniya ya mayar da saƙon rediyo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, abin da yake yawaita lokacin da ayyukan rana suka ƙaru a zagayenta na kusan shekara 11. Idan sun dame ka, ka murɗa maɓallin SQL, mai rufe raunanan muryoyi da ƙara, a hankali har ƙarar ta yanke, ka tsaya daidai nan, domin idan ka wuce wurin za ka rufe muryar abokin tafiyarka da ya yi nisa.