Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan maganin sikila da tallafin gwamnati

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya. Kin ce an gwada ɗanki ɗan shekara 3 an ce SS ne, kin kuma ji labarin an samo maganin warkewa a Turai, shi ne kike son sanin ko gwamnati na taimakawa a samu. Ni ba likita ba ce, uwa ce da ta shekara 11 tana jinyar mai sikila a Kano, don haka abin da na gani zan faɗa miki.

Labarin da kika ji gaskiya ne. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake gyara ƙwayoyin halittar mutum da shi. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Akwai kuma dashen ɓargo, an fara yi a birnin Benin na jihar Edo tun 2011, yanzu ana yi a Legas, amma sai an dace da ɗan'uwan da ɓargonsu ya zo ɗaya, ga tsada ga haɗari. Ki ajiye waɗannan a gefe tukuna.

Abin da na so a ce wani ya gaya mini tun yarona yana shekarun naki shi ne gwajin TCD. Wata na'ura ce ake ɗora wa yaro a gefen kai, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi. Ana fara yi daga shekara 2 har zuwa 16, sau ɗaya a shekara. Idan gudun ya yi yawa, yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma in ba a ɗauki mataki ba kusan ɗaya cikin 10 na yaran SS na gamuwa da ita kafin su girma. Mu sai da yarona ya kai shekara 6 muka ji sunan gwajin, shi ma a bakin wata mata muna zaune a layin karɓar kati. Aka yi, aka ce nasa ya hau. Ranar ban iya cin abinci ba.

A Amurka irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa duk wata. To mu nan ina jinin, ina kuɗin? Shi ya sa aka yi bincike a gida, a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan 'ya'yanmu, suka gano ko ƙaramin awo, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin yaro, yana kare shi daga shanyewar jiki kusan kamar miligiram 20. A 2022 aka wallafa sakamakon. Likitocin namu ne, yaran namu ne, amma kuɗin binciken daga cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ya fito. Wannan yana ci mini rai har yau, ganin ƙasar da ake haifar kimanin jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ba kuma don ba mu iya ba. Cibiyar binciken magunguna ta gwamnati da ke Abuja, NIPRD, ta taɓa haɗa Niprisan daga maganin gargajiya, a ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. An ba wani kamfanin Amurka izinin sarrafa shi, Obasanjo ya ƙaddamar a 2006, bayan shekara biyu kamfanin ya karye, magani ya ɓace a kasuwa shekara da shekaru. (Don Allah kada wata ta karanta wannan ta je ta jiƙa masoro da kanumfari ta ɗura wa yaro. Na san halinmu.) A Abuja ne kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mu masu masaukin ma ba mu cika ba.

Tun da aka ɗora yarona a kan ƙwayar haidiroksiyuriya, tashin ciwon ya ragu sosai. Da a sanyin hunturu kusan a gadon asibiti muke kwana, yanzu sai mu yi watanni. Wahalar ita ce samun ta ba yankewa. Akwai lokacin da muka samu kyauta, akwai lokacin da aka ce ta ƙare sai dai mu saya a kemis, kuma tun faɗuwar naira a 2023 kuɗin ya yi sama. Na taɓa zaga kemis biyar a rana ɗaya. Yanzu ba na bari ta rage ta mako biyu ban nemo wata ba.

Dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 ta yi kyau, amma ga waɗanda ba a haifa ba take. Naki da nawa sun riga sun zo. Idan a Kano kike, ki je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ki tambayi yadda ake shigar da yaro, sauran jihohin ma suna da irinta. Ki buɗe masa kati a sashen masu sikila na babban asibiti, kada ki tsaya a kemis ɗin unguwa. Folik asid, maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, ruwa da yawa, duk za su gaya miki.

Ranar da za ki je, ki tambayi likita kai tsaye: yaushe za a yi masa TCD, kuma ya dace a fara masa haidiroksiyuriya? Kada ki saya da kanki, don sai ana auna jininsa lokaci-lokaci ana daidaita awon. Ki tafi da ɗan littafi ki rubuta nauyinsa da adadin jininsa duk zuwa, saboda ba lallai ki tarar da likitan da kika gani wancan karon ba.