Na fi su iya wasan, to me yasa kullum ni ake cinyewa?

TAMBAYA: Salam Dakta, ni matashi ne a nan Samaru, na ɗan jima ina buga foka, wato wasan kati na kuɗi, a waya kuma ba yabon kai ba na zauna na koyi lissafin wasan sosai. Abin dake ci min rai shine sai in riƙe kati mai kyau, wani wanda ko dokar wasan bai gama sani ba yazo ya cinye ni da sa'a kawai, daga nan sai raina ya ɓaci inta zuba kuɗi har asusun ya koma sifili. Ni a ganina ai ni ya kamata in ci tunda na fi su iyawa. Ko dai maguɗi ake min a manhajar?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar maguɗi bari mu ajiye ta gefe, don ko a teburin da babu ha'inci ko kaɗan abin da ka faɗa ɗin nan sai ya faru da kai, kuma ba sau ɗaya ba. Matsalar tana cikin jimlarka ta kusa da ƙarshe, wato "ni ya kamata in ci". Wa ya ɗaukar maka wannan alkawarin?

Tunda kace kasan lissafi mu bi ta lissafin. A Texas Hold'em, nau'in fokar da ake raba wa kowa kati biyu sannan a buɗe wasu biyar a tsakiya, wanda nasan shi kuke bugawa, babu hannun da ya kai katin A guda biyu ƙarfi, kuma a ƙiyasi sau ɗaya yake zuwa maka a cikin rabo 221. Kaga kenan ka daɗe kana jira, kana yar da kati kana yar da kati, idonka har ya yi ja da kallon waya, sai gashi ya faɗo hannunka. A wannan lokacin zuciyarka ta riga ta kirga kuɗin dake tsakiyar tebur ta saka a aljihu. Toh amma ko da wanda ke gabanka K biyu ya riƙe kuka zuba duk abin da kuke da shi tun kafin a buɗe katin tsakiya, damarka kusan kashi 82 ce cikin 100, shi yana da wajen 18. Ma'ana idan aka maimaita wannan karon sau 100 zai kwashe kuɗinka wajen sau 18 ba tare da kowa ya zalunce ka ba. Haka wanda yake jiran kati ɗaya ya cika masa biyar masu alama iri ɗaya bayan an buɗe ukun farko na katin tsakiya, shi ma yana da kusan kashi 35, fiye da ɗaya cikin uku kenan. Kai kana ganinsa sakarai ne mai sa'a, alhali rabonsa ne na lissafi ya faɗo a kanka yau.

Inda ɓarnar take shine abin da ke biyo baya. Mutumin da yake jin an ƙwace masa haƙƙinsa ba ya tunani irin na wanda ya yi asara kawai, tunanin mai bin bashi yake. Sai kaga hannun da da safe zaka yar ba tare da ka waiwaya ba, yanzu ka shiga da shi don kawai wancan mutumin yana ciki kuma kana so ka nuna masa. Ya ƙara kuɗi, duk alamu sun nuna ya fi ka kati, amma ka ƙi janyewa saboda "ai ba zai yiwu ya sake samu ba". Zai yiwu mana, kati 52 ne ake sake cakuɗawa kowane zagaye, basu san an cinye ka ɗazu ba. A gidan cacar Monte Carlo a 1913 ƙwallon rulet, wato cacar faifai mai juyawa da ke da gidaje ja da baƙi, ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere, mutane sukai ta zuba dukiya a kan ja wai lokacinsa ya yi, suka tafka asara. Irin wannan tunanin ne dai, naka ma ya fi muni don ka haɗa shi da ganin kai gwani ne.

Kuma wannan jin kan yana toshe ƙofar koyo gaba ɗaya. In ka ci iyawarka ce, in an cinye ka sa'ar wani ce, to yaushe zaka zauna ka duba inda kai ka yi kuskure? Ko Phil Hellmuth na Amurka, wanda ya lashe babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas a 1989 yana ɗan shekara 24 kuma ya tara kambu har 17 a rukunai daban-daban na gasar zuwa 2023, an san shi da tashi tsaye yana ta faɗa da masifa idan wanda yake rainawa ya doke shi, har laƙabi aka yi masa saboda hakan. Shi dai yana da tarihi da kuɗin da zasu ɗauki wannan halin, kai kuɗin makaranta ne ko jarin shago.

Sannan kar ka manta masu manhajar suna yankar kasonsu a kusan kowane zagaye ko wa ya ci, don haka ko kun yi kunnen doki da abokan wasanka a hankali kuɗin ƙasa yake yi.

Yanzu maganar da baka tambaya ba amma dole in faɗa. Ni da kai mun san hukuncin caca, aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida a fili suke, har ƙiyayya da gaba da take haddasawa an ambata, kuma kai da bakinka kace ranka ɓaci yake. Ta ɓangaren aikina kuma, wannan bin asara da kake, wato ka faɗi ka dawo don ka fanshe har asusu ya ƙare, yana daga cikin manyan alamomin da muke dubawa a ciwon jarabar caca, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ciwo ne da ake magani. Ba zan yanke maka hukunci daga saƙo ɗaya ba, amma ka tambayi kanka ko ka taɓa cin bashi don ka buga, ko ka ɓoye wa na gida nawa ya tafi, ko ka yi niyyar dainawa ka kasa. In ko ɗaya ya zama eh, daga Samaru zuwa asibitin koyarwa na Shika ba nisa, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kaje ka nemi ganin likita, ba sai mutum ya haukace ake zuwa wurin ba. Kafin nan ka goge manhajar daga wayar, katin ATM ɗinka kuma ka damƙa wa yayanka ko wani babba da kake jin nauyinsa ya riƙe maka na ɗan lokaci, ka gaya masa dalili.