Me ya haɗa likitocin soja da yaƙi da annoba a ƙasar waje?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana ma'aikacin jinya ne a rundunar sojan Ghana, kuma ya shaida mini cewa ana iya tura irinsu wata ƙasa idan annoba kamar Ebola ta ɓarke. Me ya haɗa soja da annoba, kuma ba zai kwaso cutar ya kawo mana gida ba? Daga wata uwa a Nima, Accra.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Dole hankalin uwa ya tashi, domin annobar Ebola da ta auka wa Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016 ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000, cikinsu har da ma'aikatan lafiya sama da 500.

Ana neman sojoji ne idan annoba ta fi ƙarfin asibitocin ƙasa, saboda suna da jiragen dakon kaya da tantuna da janareto da injiniyoyi, kuma sun saba kafa asibiti a fili cikin ƙanƙanin lokaci. A 2014 Amurka ta tura sojoji kusan 3,000 Laberiya, akasarinsu domin gina cibiyoyin jinya da horar da ma'aikata, Birtaniya kuma ta gina cibiya a Kerry Town ta Saliyo, inda likitocin sojanta suka riƙa jinyar ma'aikatan lafiyar da suka kamu. Mu ma nan abin bai wuce mu ba, domin a Accra Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hedikwatar UNMEER, wato tawagarta ta yaƙi da Ebola, a watan Satumba na 2014, daga nan ake tsara aikin ƙasashen uku.

A ganina, amfanin soja a wannan aiki yana ga kayan aikinsa da bin ƙa'idarsa, bindiga kuwa ɓarna take yi. Da aka sa jami'an tsaro suka killace unguwar West Point ta Monrovia, babban birnin Laberiya, a watan Agusta na 2014, rikici ne ya tashi har aka harbe wani yaro, kuma jama'ar da ta tsorata ɓoye marasa lafiyarta take yi.

Game da lafiyar ɗanki, Ebola ba ta bin iska. Ana ɗaukarta ne ta taɓa jini ko amai ko gudawar mai cutar, ko gawarsa. Saboda haka ma'aikaci yake shiga ɗakin jinya sanye da rigar kariya daga kai har ƙafa, da safar hannu biyu, da tabarau da takalmin roba, kuma a zafin ƙasashenmu da wuya ya wuce awa ɗaya a ciki kafin gumi ya taru a takalminsa. Babban haɗarin yana wurin tuɓewa, lokacin da ya gaji yana ɗokin shan iska. Shi ya sa ake tsayar da abokin aiki yana faɗa masa abin da zai cire ɗaya bayan ɗaya, yana wanke hannu da ruwan kilorin a kowane mataki. Yanzu kuma akwai allurar rigakafin Ervebo da aka amince da ita a 2019, sai dai daga nau'in Ebola da ake kira Zaire kaɗai take kare mutum.

Fargabarki ta kawo cuta gida tana da tushe, domin sojojin kiyaye zaman lafiya ne suka shigar da kwalara Haiti a 2010. Amma mai Ebola ba ya yaɗa ta sai alamu sun bayyana, kuma suna bayyana ne tsakanin kwana 2 zuwa 21. Don haka ake sa ido a kan wanda ya dawo har kwana 21, ana auna zafin jikinsa safe da yamma, idan zazzaɓi ya taso a keɓe shi a gwada jininsa, gwajin da cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon a Accra take yi.

Idan tafiyar ta tabbata, ki tambaye shi ko an horar da shi sa rigar da tuɓe ta har hannunsa ya saba, da inda za a yi jinyarsa idan ya kamu. Idan ya dawo kuma, ki roƙi 'yan uwa da maƙwabta su dakata da zuwa barka da dawowa har kwanakin nan 21 su cika. Allah ya tsare shi.