Tambaya da Amsa: Shuwaka ta yi faɗi, ɗaci ya ragu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara 30 ke nan ina sayar da sassaƙe da ganyen magani a Aboabo, sana'ar da na gada wurin kakata. Shuwakar da ake kawo mini yanzu ganyenta manya-manya ne, kore shar, amma ɗacinta bai kai na da ba, har masu saye suna ƙorafi. Jikana da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi (KNUST) ya ce iskar hayaƙin motoci da masana'antu ce ta yi yawa. Gaskiya ne? In ƙara yawan abin da nake ɗaure wa mutane?

Wata Hajiya, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa jikan nan albarka. Bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki.

Iskar da yake nufi ita ce kabon dayoksaid, kuma abincin tsiro ce. Ganye yana zuƙarta ta wasu ƙananan ƙofofi, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari. Kafin zamanin masana'antu, kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. Da aka fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai kusan 315, yau kuma ta haura 420. A shekarun da kika yi a kasuwa kaɗai, ta ƙaru da fiye da kashi 60 cikin miliyan.

Shuwaka da zogale da dogonyaro da ɗoɗɗoya suna cikin dangin tsirran da ke jin wannan ƙari sosai, su yi saurin girma in sun samu ruwa. Gero da dawa da masara ba su cika damuwa ba. Matsalar ita ce abincin ƙasa bai ƙaru tare da iskar ba. Sai ganye ya zama kamar kokon da aka tsinka da ruwa: kofi ya cika, amma ba kauri. Binciken da aka wallafa a 2014 kan alkama da shinkafa ya nuna furotin da sinadarin ƙarfe da zink suna raguwa idan iskar ta yi yawa. Wannan yana damuna ƙwarai game da zogale, da muke ba mai jego don ta yi jini.

To amma ƙarfin magani wani abu ne daban, kuma nan ne nake so ki saurare ni da kyau. Ba koyaushe yake raguwa ba. Wani tsiron, in kabon ya yi masa yawa, sai ya zuba rarar cikin sinadaran da yake kare kansa da su daga ƙwari, waɗanda su ne maganin da muke nema. An gwada tazargaden ƙasar Sin, wanda daga shi ake samun maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti, aka ga sinadarinsa ya ƙaru. Haka wani fure na Turai mai suna dijitalis da ake maganin zuciya da shi, kuma shi tsakanin warakarsa da dafinsa tazara kaɗan ce. Sinadaran da ke buƙatar naitirojin kuwa (abincin tsiro da ke cikin ƙasa da taki), irin na saiwar nibima da maƙwabtanmu Asante ke sha, sun dogara da abin da ƙasa ta ba su.

Ɗacin shuwaka daga sinadaran da aka gina da kabon yake fitowa. Don haka ni ba zan fara tuhumar iska ba. A bayan gidana a Asawase akwai shuwaka biyu daga reshe ɗaya. Ta kusa da famfo ganyenta kamar tafin hannu, ɗacinta sama-sama. Ta kan tsakuwa ƙanana ne, amma in kika tauna sai kin nemi ruwa. Iska ɗaya suke shaƙa. Ki tambayi mai kawo miki: takin zamani yake zubawa? Ban ruwa yake yi? Sabon toho yake yanka? Akwai ma irin da masu lambu suka zaɓa don miya, wadda dama ɗacinta kaɗan ne. Sannan shanya a tsakar rana bakin titi da ɗaurewa a leda da danshi suna kashe ganye fiye da yadda ake zato. A inuwa mai iska ake shanya, kan tabarma mai tsabta.

Batun ƙari kuwa, don Allah Hajiya kada ki ƙara. Harshe ba ma'auni ba ne. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwayar asibiti, in ya haɗa da shuwaka mai yawa, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Mai ciki kuma a tura ta wurin likita tukuna.

Abin da ya fi shi ne jikanki ya ɗauki samfuri daga masu kawo miki biyu ko uku, ya nuna wa malaman sashen maganin gargajiya a makarantarsu, ko a kai cibiyar binciken maganin tsirrai da ke Mampong Akuapem, wadda ke wannan aiki tun 1975. In za a kai, a haɗa da sassaƙen da ke zuwa daga yankunan kogin Offin da Pra. Inda ake galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, gubar da ke cikin ƙasa da ruwa tana iya shiga saiwa, kuma ita tafasawa ba ta fitar da ita.