Muryar da na tura kan gardamar Arkansas: 2018 ko 2021?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, rubutu ba zai ɗauke wannan maganar ba, shi ya sa na ce bari in yi murya. Yaya, na ji abin da ka ce, wai a tarihin besbol na Jami'ar Arkansas ba a taɓa yin tawaga kamar ta 2018 ba, tunda ita ce ta je wasan ƙarshe a Omaha, garin da ake buga gasar ƙarshe ta besbol ɗin jami'o'in Amurka. To, da girmanka, amma ban yarda ba. Ta 2018 ta fi kusa da kofi, ta 2021 ta fi ta iya wasa.

Ka tuna 2021 fa. Wasa 50 suka ci, 13 kaɗai aka ci su. A SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabas da Arkansas ke ciki, inda babu kanwar lasa, duk jami'ar da suka kara da ita a ƙarshen mako su ne ke rinjaye, sau goma cif, ba fashi. Suka ɗauki kofin SEC, aka ba su lamba ɗaya a duk faɗin Amurka. Ga Kevin Kopps, wanda in ya hau tudun jifa a ƙarshen wasa sai ka fara neman makullin motarka, an gama. Shi ya ɗauki Golden Spikes a shekarar, kyautar gwarzon ɗan besbol na Amurka cikin waɗanda ba su zama ƙwararru ba.

Sai jami'ar NC State ta zo Fayetteville, gidan Arkansas, wanda ya ci wasa biyu cikin uku shi ke zuwa Omaha. Ranar farko aka lallasa su 21 da 2. Wallahi ni har na fara duba kuɗin otal a Omaha. Kashegari suka ci mu 6 da 5. Rana ta uku koci Dave Van Horn ya sa Kopps ya buɗe wasa, abin da bai yi ba duk kakar, yaron ya yi ta jifa har zagaye na tara, sannan Jose Torres na NC State ya ɗaga masa ƙwallo ta haye katanga. 3 da 2. A gida, a gaban mutanenmu. Ko ƙofar Omaha ba su gani ba, shi ya sa mutane ke mantawa da su.

Amma in zancen ciwo ake yi, Yaya, nan kam na ba ka gaskiya. 2018, da Oregon State. Mun ci wasan farko 4 da 1. Wasa na biyu muna gaba 3 da 2, zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar a ɗauki kofi. Cadyn Grenier na Oregon State ya buga ƙwallo ta tashi sama, ta yi wajen layi ta hannun dama, in aka cafe ta an gama. Mutum uku suka bi ta. Uku! Kowa na kallon ɗan'uwansa, ta faɗo tsakiyarsu tim. Ni a lokacin ina tsaye da kofin shayi, na riga na buɗe baki zan yi ihu. Grenier ya sake bugawa aka yi kunnen doki, Trevor Larnach ya zo ya tsallakar da ita katanga, 5 da 3. Kashegari jikin kowa ya mutu. Kevin Abel, mai jifan Oregon State, ɗan shekarar farko, ya hana mu maki ko ɗaya, 5 da nema.

Wani a nan ya ambaci 1979, zamanin koci Norm DeBriyn, da Cal State Fullerton ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe. Wannan sai dattawa, ba a haife ni ba.

Ta 2025 kuwa ban ma so a taɓo ta, miki bai warke ba. Gage Wood ya fitar da mutum 19 da jifa a wasan Murray State, ba wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya, sai ka ce bana ce. Kwana biyu bayan nan muna gaban LSU 5 da 3 a zagaye na tara, aka tashi sun ci mu 6 da 5.

Kai kuma ƙanena mai tsokanata cewa duk wanda ya bi ƙungiya mai tambarin alade irin Arkansas dole ya ga haka, na ji ka, za mu haɗu ranar Asabar. Yaya, ina jiran amsarka, amma ka fara gaya mini wa zai iya buga jifan Kopps a cikin 'yan 2018. Sai da safe.